Tarihin Binciken Ilimi a Jega, Aliero da Maiyama: Daga Tambayoyin Mulki zuwa Lissafin Fiziks

Jega, Aliero da Maiyama ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kabi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. An san Jega da kasuwa, Aliero da albasa da masu ɗori, Maiyama kuwa da noman tudu da na fadama. Binciken ilimi a wannan yanki ya bi ta hanyoyi biyu waɗanda ba su yi shekaru ɗaya ba. Tambayoyin mulki da zaman jama'a sun haura shekara 200 ana rubuta su, yayin da fiziks, a matsayin fannin da ake koyarwa a yi bincike a kansa, bai samu mazauni a nan ba sai a 2006. Abin da ya haɗa su shi ne mafari: kusan kowace tambaya ta taso ne daga wata matsala da mutanen wurin ke fama da ita, kafin ta zama abin nazari a littafi.

Gimbana da tambayoyin farko

A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa Gimbana, garin da Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa kusa da inda Jega take a yau. Kamen mutanen Gimbana na cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Yaƙin da ya biyo baya ya tilasta wa malaman jihadi amsa tambayoyin da a yau ake karantawa a sashen kimiyyar siyasa: wa ya cancanci mulki, me ya halatta ya karɓa daga talakawa, kuma yaushe biyayya take faɗuwa.

Malam Abdullahi Fodiyo, wanda yammacin Daular Sakkwato ya koma hannunsa, ya fi kowa dagewa a kan wannan. A Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam wajen 1806, inda ya shimfiɗa sharuɗɗan shugaba, aikin alƙalai da hukuncin dukiyar baitulmali. A Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a 1813, ya koka kan yadda wasu abokan tafiya suka karkata ga neman duniya. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tawaye daga Kware, aka kashe shi a 1818. Bello ya tattara wasiƙun da suka yi musaya a cikin Sardul Kalam, littafin da masana tarihi ke komawa gare shi idan suna bin diddigin rabon ƙasa da muƙamai bayan jihadi. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ne ya kafa Jega bayan ya sasanta da Gwandu, wajen 1820.

Malaman wancan zamani ba su bar lissafi da sararin sama ba. Rabon gado, lokutan salla, alƙibla da ganin wata duk suna buƙatar hisabi, haka ma ƙidayar manazil 28 da ake auna shigar damina da fitarta da su. Tun kafin jihadi, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan tsara hatimin lissafi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Sai dai wannan ilimi na aiki ne da kiyaye ƙa'ida. Gwada ƙa'ida da ma'auni, a yar da ita idan ta saɓa wa abin da aka auna, hanya ce da ta zo daga baya.

Kasuwar Jega da rahotannin Turawa

Jega ta bunƙasa a ƙarni na 19 saboda zamanta a gefen Gulbin Zamfara, kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sai tambayar ta sauya hannu. Jami'an mulkin mallaka suka shiga ƙauyuka suna ƙidaya gidaje, gonaki, shanu da masu sana'a, ba don ilimi ba, don a yanka haraji da jangali. E. J. Arnett ya fitar da kundin bayanan Lardin Sakkwato a 1920, sannan a 1922 ya buga fassarar Infaƙul Maisuri na Bello. Waɗannan takardu na ɗauke da son zuciyar masu su, amma su ne rubutattun alƙaluma na farko game da ƙauyuka da yawa.

Bayan 'yancin kai, masana suka juya takardun baya da gaba. Murray Last ya dogara da rubuce-rubucen Larabci na malaman daular wajen littafinsa kan Daular Sakkwato na 1967. S. A. Balogun ya rubuta kundin digirin digirgir kan masarautun Gwandu a Ibadan a 1970. Mahdi Adamu, ɗan Ngaski wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda fatake da malamai Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma, Paul Lovejoy kuma ya bi ayarin goro a nasa littafin na 1980. Tambayar waɗannan biyun ɗaya ce a gindi: me ke sa gari ya zama kasuwa, kuma wa ke cin ribarta?

Attahiru Jega da siyasar zamani

Sanannen ɗan yankin a kimiyyar zamantakewa shi ne Farfesa Attahiru Muhammadu Jega, wanda aka haifa a 1957. Ya yi digirin farko a Kano, ya kammala na digirgir a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1985. Kundinsa ya duba aikin noman rani na Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda aka kashe manoma a Afrilun 1980 lokacin da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Abin da ya tambaya shi ne: idan gwamnati ta kawo aikin raya karkara, wa ke amfana, wa ke rasa gona?

Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga 1988 zuwa 1994, a tsakiyar tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shi a 1986. A 2000 ya shirya littafi da wasu masana kan yadda wannan matsin tattalin arziki ya sa mutane suka ƙara fakewa da ƙabila da addini da yanki. Ya riƙe Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, sannan hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. A zaɓen 2015, wanda aka yi da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi, shugaba mai ci ya sha kaye karo na farko a Najeriya.

Zuwan fiziks

Fiziks na nazari shi ne reshen da ke neman dokokin halitta ta hanyar lissafi, ya bar wa wasu aikin gwaji. Manyan tambayoyinsa a duniya sanannu ne. Har yau ba a daidaita ƙa'idar Einstein ta 1915 kan ƙarfin jan abubuwa da ƙa'idar kwantam mai bayanin ƙwayar zarra ba. Abin da ake iya gani, daga ƙura zuwa taurari, bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa ba, sauran kuwa ana gane shi ne ta tasirinsa kawai.

A Najeriya fannin ya fara ne a Ibadan bayan 1948, inda Cyril Onwumechili ya yi fice kan wutar lantarkin da ke gudana a saman iska, daidai layin tsakiyar maganaɗisun duniya da ya ratsa ƙasar. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, ta Sakkwato a 1975. An kafa cibiyar binciken makamashi a Sakkwato a farkon shekarun 1980, ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke Zariya kuma ya fara aiki a 2004.

Gwamna Muhammadu Adamu Aliero ne ya kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kabi a garinsu a 2006, Farfesa Muhammad Ka'oje Abubakar ya zama shugabanta na farko. Daga baya aka sauya mata suna zuwa na Abdullahi Fodiyo. Tana da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega, garin da kwalejin kiwon lafiya ta jihar ma take.

Tambayoyin da ƙasa ta haifa

Binciken fiziks a wannan yanki ya fi karkata ga rana, ruwa da zafi, amma kowanne yana tsaye ne a kan ƙa'ida. Hasken rana na isowa saman iskar duniya da ƙarfin wat kusan 1,361 a kowace murabba'in mita. Nawa ne ke sauka a Aliero? Inda babu na'urar aunawa, ana amfani da lissafin da Angstrom ya kawo a 1924, Prescott ya gyara a 1940, wanda ke ƙiyasta ƙarfin haske daga yawan sa'o'in da rana ta fito. Matsalar ita ce hazo. A lokacin hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi tana tare haske ko da babu gajimare, don haka dole a sake daidaita lambobin lissafin da yanayin wurin.

Neman ruwa ma haka yake. Yankin na kan shimfiɗar yashi da yumɓu da masana ƙasa suka raɗa wa sunan Gwandu. Kafin a haƙa burtsatse, ɗalibai kan kafa turakun ƙarfe huɗu a layi ɗaya, su tura lantarki ta biyun gefe, su karanta bambancin ƙarfinsa a biyun tsakiya. Sai su cire na gefen su ƙara nesanta su, domin lantarkin ya ƙara nitsewa ƙasa. Busasshen yashi na tare wuta, jiƙaƙƙe na barinta ta wuce. Wahalar ita ce yumɓu ma na barinta ta wuce, kuma shimfiɗu mabambanta na iya ba da karatu iri ɗaya. Warware wannan aikin alƙalami ne, ba na diga ba.

Albasa ce ta fi nuna inda fiziks da ilimin zamantakewa suka haɗu. Manomin Aliero na cire ta ne a ƙarshen rani, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Idan ya jera ta a rumfar kara da ciyawa yana jiran tsada, zafin bazara na tsotse ruwanta ta rage nauyi, laimar damina kuma na kawo ruɓa da tsiro. Yadda zafi ke ratsa tulin albasa tambaya ce da lissafin Fourier na 1822 ke amsawa. Amma ko manomi zai iya jira, wannan ya danganta da bashin taki da man injin ban-ruwa da ke kansa, da irin ƙarfin dillali a kasuwa. Rumbun da ya ci jarrabawar injiniya zai iya zama kango idan ba a san wannan ba.

Halin da ake ciki

Fiziks na nazari ba ya cin kuɗin na'urori kamar na gwaji. Abin da yake buƙata shi ne ƙwararrun malaman lissafi, mujallu, kwamfuta mai ƙarfi, wutar da ba ta ɗaukewa da abokan muhawara. Domin cike wannan giɓi a ƙasashe masu tasowa aka kafa cibiyar fiziks na nazari ta Trieste a Italiya a 1964, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja na horar da ɗalibai a fannin. Ɗalibin Aliero da ya so zurfafawa yakan bi irin waɗannan hanyoyi ne.

A ɓangaren zamantakewa, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da aka kafa a 2013 ta ƙara yawan masu bincike a jihar. Shirin ba manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kabi a Nuwamban 2015 ya bar tambayoyi kan wa ya samu bashin da kuma yadda aka biya. Rikicin manoma da makiyaya kan burtali, ambaliya a fadamun Jega da Maiyama, da yaran da ba sa zuwa makaranta, duk suna jiran bincike mai dogon zango. Babban abin da ke tauye fannonin biyu iri ɗaya ne, wato ƙarancin alƙaluman da aka tattara shekara da shekaru ba yankewa. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, shekarar da aka kafa jami'ar Aliero, don haka duk lissafin yawan mutanen waɗannan garuruwa uku a yau ƙiyasi ne.