Sintisaiza, Fiyano Da Fedojin Sauya Sauti: Jagora Ga Makaɗin Jitar Bes

A kowace ƙungiyar kiɗan zamani akwai mutum guda da aikinsa shi ne riƙe gindin kiɗa, wato sautin nan mai kauri da mai sauraro kan ji yana dukan ƙirjinsa. Wannan shi ne makaɗin bes. Tun da kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitar Precision Bass a 1951, jitar bes mai aiki da lantarki ce ta mamaye wannan fage. Amma daga shekarun 1970 na'urar haɗa sauti, wadda ake kira sintisaiza, ta shigo ta raba aikin da ita. A yau mafi yawan waƙoƙin da ke tashe ba da tsirkiya ake kaɗa bes ɗinsu ba, da madannai ko kwamfuta ake yi. Makaɗin da aka ɗauka ya maimaita irin wannan waƙa a dandali, in bai da kayan fitar da sautin, aikin kan koma hannun mai fiyano. Shi ya sa sanin waɗannan kaya ya zama batun neman abinci, kuma kuskure wajen sayensu kan lashe kuɗi masu yawa.

Yadda Abin Ya Samo Asali

Tun kafin sintisaiza ta yaɗu akwai masu kaɗa bes da madannai. Ƙungiyar The Doors ta Amurka ba ta da makaɗin jitar bes a dandali. Ray Manzarek ne ke kaɗa bes da hannun hagu a kan wata ƙaramar fiyano mai suna Fender Rhodes Piano Bass, hannun dama kuma yana kan ogan.

Babban sauyi ya zo a 1970, lokacin da kamfanin Robert Moog ya fito da Minimoog, sintisaiza mai madannai 44 da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Da sintisaiza aka kaɗa bes ɗin waƙar "Superstition" ta Stevie Wonder a 1972. Herbie Hancock ya yi na "Chameleon" a 1973 da ARP Odyssey. Bernie Worrell kuma ya yi na "Flash Light" ta ƙungiyar Parliament a 1977 da Minimoog, alhali ƙungiyar tana da gwanin jitar bes irin Bootsy Collins. A 1975 Moog ya fito da Taurus, sintisaiza mai fedoji 13 da ake takawa da ƙafa, wadda Geddy Lee na ƙungiyar Rush ya shahara da ita, yana kaɗa jita da hannu yana taka ta da ƙafa.

Kamfanonin Japan sun biyo baya. Roland ya fito da TB-303 a 1981 domin ta maye gurbin makaɗin bes ga masu atisaye su kaɗai. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta a 1984. Daga baya matasan birnin Shikago suka saye ta da arha, suka gina sabon salon kiɗan rawa a kanta. A 1983 Yamaha ya fito da DX7, wadda ke aiki da fasahar FM da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, kuma a wannan shekarar ne aka fara amfani da tsarin MIDI, wanda ke bai wa na'urorin kamfanoni daban-daban damar sarrafa juna.

Afirka ta Yamma ma tana da nata tarihin. William Onyeabor, wanda ya rasu a 2017, ya yi fayafayan da suka dogara ga sintisaiza a Inugu tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar 1980. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki a 1978. A masana'antar Kannywood kuwa, fiyanon Yamaha samfurin PSR ne ya daɗe yana ɗauke da dukan kiɗan waƙoƙin fim, har da bes.

Yadda Sintisaiza Ke Ƙera Sauti

Sassa uku ne ginshiƙin irin sintisaizar da aka fi so wajen bes. Na farko shi ne osileta, wadda ke haifar da ɗanyen sauti. Tana iya ba da sauti mai kaifi da ake kwatanta siffarsa da haƙoran zarto, ko mai siffar murabba'i wanda ke da amo kamar na bututu, ko mai santsi wanda kauri ne zalla. Minimoog tana da osileta uku, kuma idan aka ɗan saɓa saitin biyu daga cikinsu sautin kan ƙara cika.

Na biyu shi ne matatar sauti. Aikinta kamar na rariya ne: tana tare siririn amo ta bar mai kauri ya wuce. Yawancin halin sautin bes daga nan yake fitowa. Na uku shi ne sashen da ke tsara rayuwar sauti, wato saurin tashinsa idan aka danna madanni, yadda yake raguwa, matakin da yake tsayawa, da yadda yake ɓacewa idan aka ɗaga yatsa. Wanda ya fahimci waɗannan sassa uku zai iya sarrafa kusan kowace sintisaiza, ko da bai taɓa ganinta ba.

Hanyoyi Uku Da Ke Gaban Makaɗi

Hanya ta farko ita ce sayen ƙaramar sintisaiza mai madannai. Sauti ɗaya ake kaɗawa a lokaci guda a yawancin kiɗan bes, don haka na'ura mai fitar da murya ɗaya ta wadatar, kuma madannai 25 zuwa 37 sun isa. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai microKORG ta 2002, da Bass Station II ta kamfanin Novation ta 2013, da Sub 37 ta Moog. Kamfanin Behringer kuma yana ƙera kwaikwayon Minimoog mai rahusa, sai dai ba shi da madannai, sai an haɗa shi da wata fiyano ta wayar MIDI. Abin da ya kamata a duba shi ne ko na'urar tana adana saiti. Asalin Minimoog ba ta adanawa, don haka sai an murɗa maɓallai tsakanin waƙa da waƙa. A situdiyo wannan ba matsala ba ne, amma a wurin biki, inda waƙa ke bin waƙa ba hutu, wahala ce.

Hanya ta biyu ita ce fedar sintisaiza, wato ƙaramin akwati da ake sa wa tsakanin jita da amfilifaya, ya mayar da sautin tsirkiya ya zama na sintisaiza. Misalanta su ne Bass Micro Synth ta Electro-Harmonix, da SY-1 ta Boss, da C4 ta Source Audio. Amfaninta shi ne makaɗi bai bar jitarsa ba, bai kuma koyi sabon hannu ba. Rauninta kuwa yana cikin kimiyyar sauti. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa, ta biyar kuma a jita mai tsirkiya biyar kimanin sau 31. Fedar da ke buƙatar gane sautin kafin ta fitar da nata dole ta jira aƙalla zagayen kaɗawa ɗaya, wanda a sau 41 ya kai kusan kashi 24 cikin 1,000 na daƙiƙa. Shi ya sa irin waɗannan fedoji kan ɗan makara ko su rikice a sautuka mafi kauri.

Hanya ta uku ita ce kwamfuta da ƙaramar fiyanon MIDI. Ita ce mafi sauƙin kuɗi ga wanda ya riga ya mallaki kwamfuta, kuma ita ce ke ba da sautukan da aka yi waƙoƙin zamani da su, kamar dogon bes ɗin da ya samo asali daga na'urar ganga ta TR-808, ko bes ɗin amapiano na Afirka ta Kudu. Haɗarinta shi ne kwamfuta na iya maƙalewa ana tsakiyar wasa.

Fedojin Da Suka Fi Amfani

Ana iya kusantar sautin sintisaiza ba tare da an sayi fedar sintisaiza ba, ta hanyar haɗa fedoji uku. Ta farko ita ce fedar oktaf, wadda ke ƙara sauti mai ninkin kauri a ƙarƙashin wanda aka kaɗa. OC-2 ta Boss, wadda ta fito a 1982, ita ce ta fi shahara, kuma Pino Palladino ya yi fice da ita a waƙoƙin Paul Young. Idan aka kashe sautin jitar aka bar na fedar kaɗai, abin da ke fita kan yi kama da na sintisaiza ƙwarai. Ta biyu ita ce fedar faz, mai sa sauti ya yi ƙaiƙayi da gurnani, irin Big Muff. Ta uku ita ce matatar da ke buɗewa gwargwadon ƙarfin bugun yatsa, irin Mu-Tron III ta 1972 da aka san Bootsy Collins da ita.

Bayan waɗannan akwai kwamfuresa, mai daidaita bugu mai ƙarfi da mai rauni, da fedar saita tsirkiya, da akwatin DI, wanda ke aika sauti kai tsaye zuwa teburin haɗa sauti ta doguwar waya ba tare da ya kwashi hayaniya ba.

Jerin da ake bi wajen haɗa su yana da muhimmanci. Abin da aka saba shi ne fedar saiti a farko, sai kwamfuresa, sai oktaf ko sintisaiza, sai faz, sai matata, sai masu amsa kuwwa, sannan akwatin DI a ƙarshe. Dalilin sa oktaf a gaba shi ne tana buƙatar tsaftataccen sauti kafin ta gane shi. Matata kuwa tana buƙatar bambancin ƙarfin bugu, wanda kwamfuresa da faz ke ragewa, don haka wasu makaɗa kan matsar da ita gaba. Wani abin lura shi ne fedojin faz da aka yi domin jita mai tsirkiya shida sukan yanke kaurin sauti. Ga makaɗin bes, fedar da ke da maɓallin gauraya asalin sautin jita da wanda aka sauya ta fi dacewa.

Hannu ma sai ya canza. Fedar oktaf da ta sintisaiza sun fi aiki idan ana kaɗa sauti ɗaya ɗaya, ana danne sauran tsirkiyoyi kada su yi amo, ana kuma rage kaifin sautin daga jikin jitar. Kaɗawa a tsakiyar wuyan jita ya fi ba da sakamako, tun da fedar za ta mayar da sautin ƙasa da kanta.

Sifika Da Wutar Lantarki

Sintisaiza tana iya fitar da sautin da ya fi na jita kauri, kuma ta riƙe shi da ƙarfi ɗaya muddin yatsa na kan madanni, saɓanin tsirkiya da sautinta ke raguwa da kansa. Wannan kan zafafa sifika har ta ƙone. Ƙarfin da ke fita daga sintisaiza kuma ya fi na jita, don haka ana farawa da ƙaramin sauti a ƙara a hankali. Wanda zai yi amfani da jita da sintisaiza a wasa ɗaya yana buƙatar ƙaramin teburin haɗa sauti ko fedar sauya layi, kuma ya daidaita ƙarfin biyun tun kafin a fara.

Batun wuta ya fi shafar mai saye a Nijeriya da Nijar. Wutar gida a ƙasashen nan tana tsakanin bolt 220 da 230, ta Amurka kuwa bolt 120 ce. Kayan hannu da aka shigo da su daga can, musamman tsofaffi, na iya ƙonewa nan take idan aka jona su ba tare da taransifoma ba, don haka a karanta rubutun da ke bayan na'ura ko jikin adafta. Yawancin fedoji suna aiki da bolt 9, kuma a tsarin Boss da yawancin kamfanoni tsakiyar bakin adafta shi ne ɓangaren ragi. Adaftar wasu kayan gida takan zo da akasin haka, kuma tana iya kashe feda. Fedojin dijital sun fi na analog shan wuta, saboda haka a tabbata adafta tana ba da abin da aka rubuta a jikinsu ko fiye. Inda ake aiki da janareta, sitabilaiza ko na'urar kare hawan wuta ba ado ba ce.

Kafin A Biya Kuɗi

Mafi yawan irin waɗannan kaya na hannu ne ke shigowa, ta kasuwanni irin Alaba da ke Legas. Gani ya kori ji: mai saye ya je da jitarsa da wayarsa ya gwada. Ya danna kowane madanni, ya murɗa kowane maɓalli yana sauraron ƙarar tsatsa, ya girgiza wayar a bakin mashigarta ya ji ko sauti na yankewa, ya buɗe gidan batir ya duba ko ya zuba. Sintisaizar analog takan buƙaci 'yan mintoci ta ɗumama kafin sautinta ya daidaita, amma in ta ci gaba da kaucewa bayan haka, akwai gyara a gaba. Ƙura da zafi ma abokan gabar waɗannan na'urori ne, don haka a sa kuɗin jaka ko akwati a cikin lissafi.

Zaɓin ƙarshe ya dogara ga irin aikin da ke kawo kuɗi. Wanda waƙa ɗaya ko biyu ce kawai ke buƙatar sautin sintisaiza a wasansa, fedar oktaf da ta faz sun ishe shi. Wanda ke raka mawaƙan zamani a dandali, ƙaramar sintisaiza mai adana saiti ta fi masa, tare da atisayen hannu a kan madannai. Wanda aikinsa na situdiyo ne, ya fara da kwamfuta da fiyanon MIDI, ya jinkirta sayen sauran har sai aikin ya nuna masa abin da ya rasa.