Jijjigar Ƙwayoyin Zarra da Makomar Taki a Gona

Ƙwayoyin zarra da ke ɗaure cikin molekul ba sa tsayawa cik. Ɗaurin da ke tsakaninsu kullum miƙewa yake yana tsukewa, kuma galibi sinadari ba ya rikiɗa sai wannan jijjiga ta sami ƙarfin tsinka wani ɗauri. Zafi ne ke ƙara mata ƙarfi. Svante Arrhenius ya fitar da lissafin hakan a 1889, kuma a sinadarai da yawa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin rikiɗar. Ahmed Zewail ɗan Masar ya sami kyautar Nobel a 1999 saboda bin sawun tsinkewar ɗauri da walƙiyar hasken leza.

Gonakin Bichi da Dambatta, waɗanda ake nomawa kowace damina ba hutu, babbar yunwarsu naitirojin ce, alhali kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kansu naitirojin ne. Zarra biyu na naitirojin ɗauri uku ne ya haɗa su. Suna jijjiga kusan sau tiriliyan 70 a daƙiƙa, amma miƙewar kaɗan ce ƙwarai, ko zafin bazara bai isa ya raba su ba. Shi ya sa hanyar Haber da Bosch, wadda aka fara aiki da ita a Jamus a 1913, ke buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani kafin a sami amoniyar da ake yin takin yuriya da ita.

Bakteriyar da ke zaune a saiwar wake da gyaɗa kuwa tana yin aikin a zafin ƙasa kawai. Inzayim ɗinta yana riƙe naitirojin a jikin zarrar ƙarfe, ɗaurin ya sassauta, jijjigarsa ta ragu, ya tsinke mataki-mataki. Al'adar shuka wake a tsakanin gero, wadda cibiyar binciken noma ta IITA ta daɗe tana nazari a gonarta ta Minjibir, a nan ƙarfinta yake, kuma ta cancanci a koyar da ita a darasin kimiyya.

Dokar Arrhenius kan juya wa manomi baya bayan ya sayi taki. Yuriyar da aka watsa a kan jigawa mai ɗan laima, inzayim na ƙasa ne ke farfasa ta, rana kuma tana hanzarta aikin, amoniya ta bi iska kafin saiwa ta sha. Idan aka tona rami kusa da gindin shuka aka binne, ƙasa takan riƙe amoniyar har amfanin gona ya ci.