Tarihin da Ke Bayan Ganuwa: Fagge da Sabon Gari



Al'ada ce a Kano idan baƙo ya zo yana son ganin gari, a kai shi wasu wurare da kowa ya san su. A hau da shi Dutsen Dala, a nuna masa abin da ya rage na ganuwa, wadda littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma gina ta. Daga nan a bi da shi ta Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, ayyukan Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), a tsaya a marinar Ƙofar Mata, a shiga gidan tarihi na Gidan Makama. In da sauran lokaci a ƙarasa da shi Nasarawa ya ga Gidan Ɗan Hausa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a can cikin 1909. Duk waɗannan sun cancanci a gan su. Amma kan hanyar komawa filin jirgin sama, motar da ta ɗauko baƙon za ta ratsa Fagge da Sabon Gari ba tare da an ce masa uffan ba, alhali kuwa a unguwannin nan biyu aka yi kaso mai yawa na tarihin Kano na ƙarni na ashirin. Manufar wannan lacca ita ce mu yi wa baƙon nan jagora a inda aka saba wucewa da shi.

Fagge, zangon fatake

Fagge ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Tana dab da ganuwa ta waje, kuma asalinta zango ce, watau masaukin ayari. Nan Azbinawa da sauran fataken arewa kan sauke raƙumansu, su kawo gishirin Bilma, su koma da hatsi da tufafin rini, musamman turkuɗi. Irin wannan ayari na gishiri Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo daga Azbin kafin ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Hikimar ajiye zango a bayan gari a fili take: raƙuma na bukatar sarari, baƙin da ba a sani ba kuma gara su kwana inda ƙofar gari ke tsakaninsu da masu gari in dare ya yi. Saboda haka tun farko Fagge ta tashi da halin karɓar baƙo, wanda har yau ba ta rabu da shi ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sai hanyar ciniki ta juya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan a 1912, kayan da a dā ke bin Sahara suka koma bin dogo zuwa Ikko. Fagge ta samu kanta tsakanin birni da tashar jirgi da kantunan kamfanonin Turawa. 'Yan kasuwar Siriya da Labanan, waɗanda Hausawa ke kira Kwara, suka kafa kantunansu a gefenta ta kudu, inda ya zama Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi da atamfa da ake zuwa daga ƙasashe maƙwabta. Dalar gyaɗa kuwa, wadda ake danganta farkonta da Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955), ta ɓace, sai suna ya rage a kan fili.

Sabon Gari, unguwar da doka ta haifa

Sabon Gari dabam take, domin da gangan aka zana ta wajen shekarar 1913. Gwamnatin mulkin mallaka na bukatar akawuna da ma'aikatan dogo da magina da masu sana'a, mafi yawansu daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, watau Gana ta yau. Amma ba ta son su zauna cikin birni ƙarƙashin Sarki da alƙalai, ba ta kuma son su maƙwabci Turawa. Tsarin Lugga ya tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Har wa yau an hana mishan aiki cikin ganuwa, tun da Sarki Alu ya sallami tawagar Bishop Tugwell a 1900, Turawan mulki kuma suka ga zaman lafiyarsu shi ne su bar abin haka. Shi ya sa tsofaffin majami'u da makarantun mishan suka taru a Sabon Gari da kewayenta. Unguwar ta zauna ƙarƙashin jami'in Bature har 1940, sa'ad da aka mayar da ita hannun En'e ta Kano.

Wanda ke neman gidan tarihi a Sabon Gari, to ya karanta sunayen tituna. Akwai titin Yarbawa da na Ibo, da na Abekuta da Inugu da Warri, da na Gwalkwas da Firitawun, da na Faransa da na Bama, ƙasar da sojojin Nijeriya suka yi yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Titunan a miƙe suke, sun gicciya juna kamar gidan dara, saɓanin lungunan birni. Wannan zane kansa shaida ce ta yadda aka tsara wa mutane inda za su zauna bisa ga asalinsu. Duk sunan da aka canja ba tare da an rubuta tsohon a wani wuri ba, an yage shafi ne daga littafin garin.

Abin da ya faru a tsakaninsu

A Sabon Gari, a gidan Bello Ijumu, wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya. Ba abin mamaki ba ne da aka yi taron a nan, domin a bayan ganuwa ne samari ke iya haɗuwa da 'yan jarida da 'yan ƙwadago na kudu su yi maganar da ke da wuyar yi a birni. Nan ma aka buɗe silimar Rex a 1937, kuma a Waje ne gobarar silimar El Duniya ta 1951 ta halaka mutum 331.

Akwai kuma abin baƙin ciki da bai kamata a ɓoye ba. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a Ikko. Da tawagar jam'iyyar AG ƙarƙashin S. L. Akintola ta shirya taro a Sabon Gari, sai rikici ya ɓarke ranar 16 ga Mayu, aka kwana huɗu ana yi, akasari a kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kira taron tsarin mulki a Landan, wanda ya haifar da tsarin tarayya na 1954. Ke nan, siffar da Nijeriya ta ɗauka tana da alaƙa da 'yan titunan nan. Kashe-kashen 1966 sun fi haka muni, suka kori dubban mazauna Sabon Gari, da yawansu kuma suka komo bayan an gama yaƙin basasa a 1970. Komowar nan ma tarihi ce, kuma darasinta bai gaza na rikicin ba.

Nauyin da ke kanmu

Nijeriya na da dokar kare kayan tarihi tun 1953, an kuma kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. A 2007 aka sa ganuwar Kano da wuraren da ke haɗe da ita cikin jerin share fage na UNESCO. Amma duk mai ido ya ga yadda gine-gine suka cinye sassan ganuwar. To, in abin da doka ta ambata da suna bai tsira ba, ina ga tsohon kanti ko gidan haya a Waje, inda kowane taku na fili kuɗi ne? Ga kuma wuta: gobarar watan Maris na 2016 a kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ta nuna abin da dare ɗaya ke iya yi.

Ina ba da shawara uku. Ta farko ga ɗalibai: Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tsohon matsuguninta na kallon ganuwa, bai kamata ta rasa masu bin Fagge da Sabon Gari titi-titi suna rubuta shekarun gine-gine, suna ɗaukar hoto, suna naɗar bakin tsofaffi kafin ƙasa ta rufe idonsu ba. Ta biyu ga ma'aikata: kafin a sa hannu a takardar rushe ginin da ya daɗe, a tambayi abin da aka yi a cikinsa. Ba kowane tsohon gini ake tsarewa ba, amma kowanne ya cancanci a rubuta shi. Ta uku ga hukumomi: a kafa alluna da Hausa da Turanci a wuraren da muka ambata, a kuma ware wa tarihin Waje ɗaki a gidan tarihi.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fagge da Sabon Gari gida ne ga Kano, kuma yaron da ya tashi a birni ko a Waje yana da haƙƙin ya san yadda kakanninsa suka zama maƙwabta, da abin da ya haɗa su, da abin da ya taɓa raba su.