Yinka Shonibare

Yinka Shonibare (an haife shi ranar 9 ga Agusta, 1962, a Landan) mai fasahar zane da sassaƙa ne ɗan Birtaniya, asalin Najeriya. Ya yi suna da amfani da atamfa wajen nuna alaƙar tufafi da mulki da asalin mutum.

Rayuwar farko

Yana ɗan shekara uku iyayensa suka koma Legas, inda ya tashi. Daga baya ya dawo Ingila, ya yi karatun fasaha a makarantar Byam Shaw da kwalejin Goldsmiths. Yana matashi ya kamu da ciwon laka wanda ya shanye masa ɓarin jiki, don haka mataimaka ne ke haɗa yawancin ayyukansa bisa umarninsa.

Atamfa a aikinsa

Atamfar da ake ɗauka tufar Afirka ce zalla tushenta rinin batik ne na Indonesiya. Masana'antun Holan da na Manchester suka kwaikwaye shi a ƙarni na 19, sannan kayan suka samu kasuwa a Afirka ta Yamma, shi ya sa har yau ake cewa "atamfar Holan" a kasuwanninmu. Shonibare yana sayen tasa a kasuwar Brixton da ke Landan, ya sa a ɗinka ta irin shigar attajiran Turai na ƙarni na 18 da na 19, ya sanya wa mutum-mutumi marasa kai. Rashin kan yana tuna da sarakan da aka fille wa kai a juyin juya halin Faransa, kuma yana hana mai kallo gane ƙabilar mai kayan, sai dai ya yi hukunci da suturar kaɗai.

Aikin da ya fi fito da wannan tunani shi ne Scramble for Africa na 2003: mutum-mutumi 14 zaune kewaye da tebur mai taswirar Afirka, kwatancin taron Berlin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka tsara rabon nahiyar.

Karramawa

An saka shi cikin 'yan takarar kyautar Turner a 2004. A 2010 aka girke Nelson's Ship in a Bottle a dandalin Trafalgar, jirgin ruwa a cikin kwalba mai filafilan atamfa. Ya karɓi lambar CBE ta Daular Birtaniya a 2019, yana kuma liƙa ta a jikin sunansa, duk da cewa daular ce aikinsa ke yi wa shaguɓe.