Daga Majigi Zuwa Kyamara Mai Aiki Biyu: Taƙaitaccen Tarihi da Amfaninsa Ga Nazarin Hausa

Bahaushe bai ƙago wa sinima sabon suna ba sa'ad da ya fara ganinta. Kalmar "hoto" da ya riga ya aro ita ya ɗauka, ya ƙara mata siffa, ya ce "hoto mai motsi". Wannan suna kuwa ya dace da gaskiyar abin, gama fim ba kome ba ne face hotuna tsayayyu da ake jerawa, ashirin da huɗu cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ya ɗauka motsi ne. Amma duk da haka sai da aka yi fiye da shekara ɗari na'urar hoto da ta fim suna rabe, kowace da masu sana'arta.

An bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839, aka kuma fara nuna fim ga jama'a a Paris cikin 1895. A ƙasar nan fim ya shigo karkara ne ta hannun gwamnati. Wani jami'in lafiya, William Sellers, shi ya yi suna wajen nuna finafinan tsabta a Nijeriya, kuma shi aka ba shugabancin sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a London cikin 1939. Motocin da ke yawo da injin haska fim su ne mutane suka kira majigi, sunan da ya samo asali daga wata tsohuwar fitilar Turawa mai haska hotuna tsayayyu a bango. A majigi aka ga Baban Larai, mai koyar da noma. Abin lura shi ne, a wannan zamani mutumin ƙauye mai kallo ne kawai, na'urar ɗauka tana hannun hukuma.

Kaset ɗin bidiyo shi ya sauya wannan hali. Cikin 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar da fim irin na sinima, aikin da sai da kuɗi masu yawa. Cikin 1990 kuwa ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset. Daga nan sana'a biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa a garuruwa irin su Daura da Baure. In ana biki ko naɗin sarauta, sai a kira mai hoto ya ɗauka ya je ya wanke, a kuma kira mai bidiyo da tasa na'urar, kowa a biya shi dabam.

Cikin 2008 kamfanin Nikon ya fitar da D90, kamfanin Canon kuma ya biyo da EOS 5D Mark II. Dukansu kyamarorin hoto ne masu karɓar gilashi iri iri, amma suna ɗaukar bidiyo. Fifikonsu yana ga farantin da haske ke sauka a kansa, wanda ya fi na kyamarar bidiyo girma nesa. Saboda haka suna gani da ɗan haske kaɗan, suna kuma fito da fuska sarai su dusashe abin da ke bayanta, kamar fim na sinima. Masu shirya finafinan Kano da 'yan jarida suka rungume su, mai hoton biki kuma ya zama shi ne mai bidiyo. Aibinsu biyu ne: na farkon ba su jima suna ɗauka ba tsayawa, kuma sautinsu ba shi da kyau sai an haɗa da makirufo na dabam.

To, a nan ne maganar ta shafi mai nazarin harshe. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kuka na hawaye da kuka ta miya suke kama ɗaya a takarda. Rikoda ta warware wannan, amma ba ta nuna hannu. In dattijo ya ce "can", sai an ga inda ya nuna da hannu ko da leɓe kafin a san nisan da yake nufi. Baure tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda Dauranci ke gogayya da Hausar Damagaram, wuri ne da ya cancanci a ɗauki maganar masaƙa da maƙera da 'yan kasuwa tare da motsin jikinsu. Haka kuma kirarin da ake yi a hawan Sallar Gani a Daura.

Sai dai akwai hatsari. Hoton da aka wanke a zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu cikin 1966, yana iya kasancewa a bangon zaure har yau. Na yanzu kuwa a ɗan katin ajiya yake, mai sana'a yakan goge shi domin bikin gobe. Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce su koya wa ɗalibai rubuta sunan gari da ranar ɗauka da wanda ya yi magana, su kuma nemi yardarsa, sa'an nan a ajiye kwafi biyu a wurare dabam dabam. In ba a yi haka ba, zamanin da ya fi kowane yawan hoto zai bar wa na baya abu kaɗan.