Duntroon: Daga Garken Tumaki Zuwa Makarantar Hafsoshi

Makarantar horas da hafsoshin sojan Ostireliya, wadda aka fi sani da Duntroon, asalinta diyyar wani jirgin ruwa ce da ya nutse. Mai jirgin shi ne Robert Campbell, mutumin Sukotland da aka haifa a 1769, wanda ya bi yayansa John zuwa Kalkata ta Indiya neman arziki. Daga can ya sauka Sidni a 1798, lokacin garin bai wuce sansanin da Ingila ke jibge fursunoninta ba. Ya gina tashar jirgi ta kansa da sito-sito a bakin ruwa, yana shigo da shanu da sukari da barasa, yana fitar da fatu da man dabbobin teku. A 1801 ya auri Sophia Palmer, ƙanwar jami'in da ke riƙe da rumbun gwamnati. Attajiri dai ya san gidan da zai nemi aure.

A 1806 ambaliya ta cinye gonakin kogin Hawkesbury, yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Gwamnati ta yi hayar jirginsa mai suna Sydney don ɗebo abinci daga Indiya, jirgin kuwa ya halaka a hanya. Sai da aka yi kusan shekara 20 ana kai gwauro ana kai mari kafin a biya shi, aka kuma haɗa masa da fili da tumaki. A 1825 wakilinsa James Ainslie ya koro tumaki wajen 700 daga Bathurst har zuwa fadamar da Kanbera take a yau, ya kafa turke. Campbell ya raɗa wa wurin suna Duntroon, don tunawa da gidan kakanninsa na Sukotland.

Sai dai fa an yi kyauta da kayan wani. Wannan ƙasa tana da masu ita, 'yan asalin wurin irin su Ngunnawal, waɗanda suka shafe dubban shekaru suna farauta a cikinta. Ba wanda ya shawarce su, ba wanda ya ba su ko anini. Wanda ya yi asarar jirgi ɗaya ya samu diyya, su da suka rasa ƙasa sukutum ko sannu ba su samu ba.

Gandu ya bunƙasa. Iyalin suka kawo makiyaya daga tsaunukan Sukotland, suka gina musu ƙananan gidajen dutse, suka sa dukiya wajen gina cocin St John da aka keɓe a 1845. Campbell ya rasu a Duntroon a 1846. Amma wadda ta mayar da gidan abin kallo ita ce surukarsa Marianne, matar ɗansa George. Ita ta ƙara masa bene a 1862, ta shuka itatuwa iri-iri a lambu, ta ci gaba da zama a ciki har rasuwarta a 1903.

Bayan an zaɓi yankin ya zama mazaunin babban birni, gwamnatin tarayya ta karɓi gidan, kuma bisa shawarar babban hafsan sojan Birtaniya Lord Kitchener aka buɗe makarantar a ranar 27 ga Yuni, 1911, da ɗalibai 42, goma daga cikinsu 'yan Niyuzilan. Shugabanta na farko, William Bridges, bai ga girmanta ba. Harsashi ya same shi a yaƙin Gallipoli a 1915, aka dawo da gawarsa aka binne a tudun da ke kallon makarantar. Tsohon gidan Marianne yanzu nan ne hafsoshi ke cin abinci su huta.

Wani jikan Campbell ɗin, Frederick, ya sayi gandun Yarralumla a 1881, ya gina gidansa a 1891. Shi ma gwamnati ta karɓe, kuma a ciki Gwamna-Janar na Ostireliya yake zaune a yau.