Wuri, Dara da Tsinke: Yadda Yaran Garwa Suka Koyi Lissafi a Tsakar Gida

Iyaye da yawa a Garwa da Marwa, in aka ce su koya wa ƙananan yara lissafi a gida, sai su ɗauka dole ne a sayo kayan wasa na roba daga kanti. Akan jingina dabarar koyo da hannu ga Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta a Rum a 1907. Ta yi aikin a yaba, amma tarihin fatauci a bakin Binuwai ya nuna cewa tun kafin boko, hannu ne ke riga alƙalami sanin lamba, tsakar gida da rumfar kasuwa kuma su ne ajin farko.

Fulani suka kafa Garwa a farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, fatake Hausawa kuma suka biyo da tufafi, suna komawa da hauren giwa. Da matafiyi Heinrich Barth ya iso Yola a 1851, ya tarar da ƙyallen saƙi ake ciniki a Adamawa, alhali a Kano wuri 2,500 ne canjin dalar azurfa guda. Kafin ƙarnin ya ƙare, wuri ya biyo ayari zuwa kasuwannin wannan yanki. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare, don haka kowane ciniki sai an zauna an ƙirga. A Tasawa, Barth ya ga an ƙirga har 500,000. Mai ƙirga yakan baje shi a ƙasa, ya riƙa jan biyar-biyar da yatsu, yana tara tsibi na 200 ko na 1,000, har a cika keso na 20,000. Yaron da ke zaune kusa da mahaifinsa yana gani da ido cewa biyar sau huɗu ashirin ne, ashirin sau goma kuma tsibi guda. Tarawa da ninkawa ke nan, ba allo ba alli.

Jamusawa suka ci Garwa a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ta a 1915, kuɗin sefa ya zo a 1945, wuri ya koma kayan ado. Dabarar dai ba ta mutu ba. Tana nan a dara, inda ake haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe tsakuwa ko tsinke 12 yana neman jera uku. Tana nan a carbi, mai ƙwaya 33 sau uku. Tana nan a hannun uwar da ke kasa ƙuli-ƙuli ko gyaɗa kashi-kashi, tana faɗa wa ɗiyarta nawa za ta dawo da shi. Makarantar boko ma da ta zo, tsinkaye ta sa yara su ɗaure goma-goma.

Wani zai ce wannan hanya tana da nawa, kuma yaron da ya saba da tsakuwa zai girma yana ƙirga da yatsu a ɗakin jarrabawa. Hakan na faruwa in an bar shi yana ƙirga ɗaya-ɗaya. Masu wuri kuwa ba haka suka yi ba: gwanintarsu ita ce haɗa abubuwa rukuni-rukuni, har hannu ya daina taɓa kowace ƙwaya, ƙwaƙwalwa ta riƙe tsibin. Wannan shi ne matakin da ke kai yaro ga fahimtar dalilin da ya sa 1 na cikin 12 yake nufin goma. Wani kuma zai ce talla ce ta koya wa 'yan mata lissafi, ita ce kuma ta hana da yawansu karatu, ta jefa su cikin haɗari. Gaskiya ne, ba kuma abin kewa ba ne. Sai dai abin da ya koyar da su shi ne kasawa da ƙirgawa da ba da canji, waɗanda duk za a iya yi a kan tabarma a gaban uwa, ba tare da an ɗora wa yarinya faranti ba.

Yau buƙatar ta ƙaru, domin kuɗi na komawa cikin waya, yaro kan girma bai ga ana ƙirga canji a tafin hannu ba. Garwa kuwa garin auduga ne, inda kamfanin Sodecoton yake da hedikwata, ga angurya, ga ƙwallon tsamiya da na dabino, ga marfin kwalba. A nisanta ƙananan cikinsu daga yara 'yan ƙasa da shekara uku, kada su haɗiye. A ba ɗan shekara biyar ƙwallo 23, a ce ya kasa su biyar-biyar ya faɗi nawa ya rage, gobe ya raba su ga ƙannensa daidai ya ga ragowar, jibi a rubuta masa lambar a gefen tsibin. In ya shiga aji aka rubuta 23 a allo, ya riga ya san abin da take nufi.